Babur a Kan Rairayi: Yadda ’Yan Tseren Hamada da Bakin Teku ke Yi, da Abin da Za Mu Ɗauka a Wurinsu

’Yan uwa ɗalibai, duk wanda sai kwalta ta ƙare sannan ake isa garinsu, a Yobe ne ko Jigawa ko arewacin Katsina da Sakkwato, ya san abin da rairayi ke yi wa babur. Kana tafiya lafiya lau, sai kan mashin ya fara rawa, tayar gaba ta yi nan ta yi can kamar wani ne ke fizgarta. Abin da akasarinmu ke yi a lokacin shi ne a saki totur, a zubo ƙafafu ƙasa, a damƙe birki. Kafin ka ce kwabo an sha ƙasa, salansa ta ƙona ƙauri, fasinja na ta mita.

Amma kuma a wayoyinmu muna ganin wasu mutane suna keta tuddan rairayi masu tsayin bene a guje, ko su ɗaruruwa suna tsere a bakin teku, babur ɗin na tafiya ɗoɗar kamar a kan titi. Wasu na cewa ai kuɗi ne, mashin ɗinsu daban ne. Da gaskiyarsu ta wani ɓangaren. Sai dai mafi yawan abin ya ta’allaƙa ne a kan sanin halin rairayi, kuma wannan ilimi ne da muke karanta tushensa tun shekarar farko a aji. A nan za mu duba yadda abin yake, inda wasan ya samo asali, irin ɓarnar da yake jawowa, da kuma abin da zai amfani mai Boxer ko Jincheng da ke bin hanyar ƙauye.

Wane irin babur ne wannan?

Babur ɗin jeji an ƙera shi ne don inda babu titi. Tayarsa ta gaba inci 21 ce, ta baya kuma yawanci inci 18, alhali baburanmu na haya ba su wuce inci 17 ko 18 gaba da baya ba. Amfanin babbar taya a gaba shi ne tana hawa kan rami da ƙunci maimakon ta faɗa ciki. Jikin tayar kuma ƙulu-ƙulu ne masu tazara a tsakani, don su kama ƙasa su kuma watsar da ita. Akwai ma wata tayar baya da ake yi musamman don tuddan rairayi, wadda aka jera mata fikafikai na roba kamar cokula, tana kwasar rairayi tana jefawa baya. Ita wannan ba ta da amfani a kan kwalta ko kaɗan.

Ƙafafunsa dogaye ne, suna iya lotsawa har kusan santimita 30 kafin su kai ƙarshe, shi ya sa za ka ga mutum ya yi tsalle ya dira bai karye ba. Cikinsa ya yi nesa da ƙasa, kujerarsa siririya ce doguwa saboda mahayi ya riƙa matsawa gaba da baya. A manyan gasanni irin na Dakar, injin babur ba ya wuce cc 450, kuma yana ɗaukar mai fiye da lita 30 a tankuna da aka rarraba gaba da baya don nauyi ya daidaita. Da yawansu ma ba sa sa iska a taya. Wata roba ce mai kama da soso suke cusawa a ciki, saboda babu mai faci a tsakiyar hamada.

Me ya sa rairayi ke haɗiye taya?

Kwalta dunƙule take, idan taya ta tura ta baya ita ma sai ta tura tayar gaba. Rairayi kuwa ƙwayoyi ne barkatai da babu abin da ya haɗa su sai gogayya da juna. Idan taya ta danna su sai su zame gefe, tayar ta nutse, wani ɗan tudu ya taru a gabanta. Ke nan babur a cikin rairayi kullum hawan tudu yake yi, tudun da shi da kansa yake tarawa. Wannan ne dalilin da ya sa inji ke kuka, mai ke ƙonewa, tafiya kuma ba ta sauri.

Ku tuna lissafin nan na aji: matsi shi ne nauyi a raba da faɗin wurin da ya taka. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma jaki ne ke nutsewa a rairayi, domin tafin raƙumi faffaɗa ne mai laushi, yana bajewa idan ya taka. Masu hawan rairayi dabarar raƙumi suka ara. Babur ɗin titi ana ba shi iska wajen geji 28 zuwa 32, su kuwa sukan sauke zuwa tsakanin 10 da 15. A lissafi na kusa-kusa, idan ka rage iska da rabi, wurin da taya ke takawa ya kusa ninkawa, nutsewa kuma ta ragu.

To amma a nan akwai tarko. Idan iska ta yi ƙasa sosai, taya na iya zamewa a jikin rim lokacin da aka ba da wuta, ta ja robar ciki ta tsinke bakin da ake hura iska. Baburan jeji suna da wani maƙalli da ke danne taya a jikin rim don hana haka. Naka ba shi da shi, ga kuma fasinja da buhun gero a baya. Saboda haka kai ɗan ragewa za ka yi kawai, kuma da ka hau kwalta ka nemi mai faci ya mayar maka, don taya mai laushi a kan titi zafi take ɗauka har ta fashe.

Yadda ake tuƙin

Ƙa’ida ta farko ita ce wadda zuciya ba ta so: kada ka saki totur. Idan babur na jan gaba, nauyinsa komawa baya yake yi, tayar gaba ta yi sauƙi ta hau saman rairayi. Da zarar ka saki wuta, nauyi ya dawo gaba, tayar ta caki ƙasa kamar garma, kan babur ya karkace. Akwai kuma taimakon juyawar taya ita kanta. Wanda ya yi wasan katantanwa ko gare yana yaro ya san cewa muddin abu na juyawa da ƙarfi ba ya son faɗuwa, sai ya rage gudu yake fara tangaɗi. Haka tayar babur take. Wannan fa ba yana nufin a murɗa totur har ƙarshe ba. Abin da ake so shi ne wuta madaidaiciya wadda ba ta yankewa, a giya ta biyu ko ta uku. Giya ta ɗaya tana sa tayar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami.

Na biyu, nauyin jiki a baya. Ƙwararru tsaye suke tuƙi a kan matakai, gwiwa a ɗan lanƙwashe tana matse da tanki, ƙugu ya koma baya. Tsayuwar tana ba babur dama ya yi rawarsa a ƙarƙashinka ba tare da ya kwashe ka ba. A kan babur ɗinmu na gida da ba a yi shi don tsayuwa ba, ko matsawa baya kaɗan a kan kujera yana taimakawa.

Na uku, sassauta hannu. Kan babur zai yi ta kaɗawa, wannan dole ne. Idan ka ƙanƙame shi kana kokawa da shi, kai ne za ka ƙara masa kaɗawar. Riƙe shi sakwa-sakwa, ka bar shi ya nemi hanyarsa, idonka kuma can nesa inda kake son zuwa. Mai kallon gaban tayarsa shi ke faɗuwa.

Na huɗu, birkin gaba a rairayi mai zurfi abokin gaba ne. Rairayi da kansa birki ne, rage wuta a hankali kawai ya isa ya tsayar da kai. Idan ya zama dole, taɓa na baya. Kwana kuma da faɗi ake shan ta, ana danna matakin ɓangaren da ake son juyawa, wuta na nan ba ta yanke ba.

Idan kuma ka kafe fa? Daina ba da wuta nan take, domin kowane juyi ƙara binne tayar yake yi har cikin babur ya zauna a ƙasa. Sauka, ka kwantar da mashin gefe guda tayar ta fito daga ramin, ka tura rairayi da ƙafa ka cike shi, ka ɗaga, sannan ka tashi a giya ta biyu kana tura shi kana sakin kuloci a hankali. In da fasinja, musamman uwa mai goyo ko tsoho, a roƙe su su taka ’yan taku kaɗan su wuce wurin. Babu kunya a ciki.

Tudu yana da gaba da baya

Tudun rairayi iska ce ke gina shi, kuma ɓangarorinsa biyu ba ɗaya ba ne. Ɓangaren da iska ke bugawa yana da sauƙin hawa, gangarensa a kwance yake, rairayinsa a danne. Iska na kwasar ƙwayoyi daga nan ta haye da su ƙoli ta zubar a ɗaya ɓangaren. Can kuwa gangaren a tsaye yake, wajen digiri 30 zuwa 34, wanda shi ne iyakar tsayuwar da busasshen rairayi ke iya yi kafin ya zube. Ku duba tsibin yashin da tifa ta juye a wurin gini, za ku ga wannan kusurwar. A yankinmu, lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, don haka ɓangaren mai tsayin yakan fuskanci kudu maso yamma.

Haɗarin yana ƙoli. Mutum ya taho a guje ta ɓangaren mai sauƙi, bai san bayan tudun a yanke yake ba, sai ya tsinci kansa a sama babu ƙasa a ƙarƙashinsa. Karayar wuya da ta ƙashin baya da yawa a wannan wasa daga nan suke. Shi ya sa ƙwararru ke hawa da ƙarfi, amma dab da ƙoli sai su sassauta, su leƙa, sannan su gangara a miƙe, nauyi a baya. Idan mutum ya ga ba zai kai ƙoli ba, tun da sauran gudu yake yin kwana ya dawo ƙasa ya sake ɗaukar zango.

Akwai kuma karo. Mai hawa ta nan ba ya ganin mai hawa ta can. A tuddan Glamis da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda dubban mutane ke taruwa don wannan wasa, doka ce kowane abin hawa ya ɗaura doguwar sanda mai tuta a kai, saboda a hango shi kafin ya ɓullo.

Lokaci ma yana da tasiri. Da sassafe rairayi ya fi ƙarfi saboda sanyi da ɗan danshin dare. Da rana ta take sai ya saki, ga shi kuma inuwa ta ɓace, ko’ina fari fat, ido ba ya bambance rami da tudu. Sannan akwai turɓaya, wadda ’yan tseren Sahara ke kira fesh-fesh. Laushinta kamar garin fulawa, daga sama sai ka ɗauka ƙasa ce mai ƙarfi, kana shiga ta haɗiye taya ta kuma turnuƙe ka da ƙura.

Bakin teku kuma daban ne

A gaɓar teku rairayi kashi uku ne. Na can sama busasshe ne, halinsa irin na hamada. Na tsakiya, wanda ruwa ya janye ya bari da danshi, shi ne mai ƙarfi kamar daɓe, domin ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yana ɗaure su da juna. Abin da ke sa yara su iya gina ɗaki da jiƙaƙƙen rairayi ke nan, busasshe kuwa ya ƙi tsayuwa. Na ukun shi ne wanda igiyar ruwa ke wankewa a kai a kai. Ruwa ya yi masa yawa, ɗaurin ya kwance, babur na tsayawa a kai sai ya fara nutsewa.

Teku kuma yana cika yana janyewa, a yawancin gaɓoɓi sau biyu a yini, da tazarar kimanin awa 6 tsakanin cika da janyewa. Wanda bai san wannan ba zai iya bin gaɓa ya yi nisa, ya juyo ya tarar ruwa ya rufe hanyar. Ga gishiri, wanda ke cin ƙarfe da wayoyin wuta. Duk babur ɗin da ya shiga bakin teku sai an wanke shi da ruwan daɗi a ranar, a sake shafa wa sarƙa mai.

Tsere a bakin teku tsohon abu ne. A Daytona ta jihar Fulorida a Amurka, an fara tseren babura na mil 200 a 1937, rabin hanyar a kan rairayin gaɓa, har zuwa 1961 da aka mayar da shi filin tsere na kwalta. A garin Le Touquet da ke arewacin Faransa kuma, tun 1975 ake wani tsere na awa 3 a cikin sanyin hunturu, inda babura fiye da 1,000 ke tashi a rana ɗaya. Wanda ya ƙirƙiro shi wani matashi ne mai suna Thierry Sabine, kuma labarinsa ne ya kawo wannan wasa har ƙofar gidanmu.

Daga Faris zuwa Dakar, ta Agadas

A 1977 Sabine ya shiga wani tsere daga Abijan zuwa Nice a kan babur, ya ɓace a hamadar da ke tsakanin Nijar da Libiya, da ƙyar aka gano shi da rai. Maimakon ya yi sallama da hamada, sai ya koma gida ya shirya tsere mafi girma. Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Faris, suka bi ta Aljeriya, suka shigo Nijar ta Agadas da Yamai, suka ratsa Mali, suka isa Dakar a Janairun 1979 bayan tafiyar kimanin kilomita 10,000. Guda 74 kacal suka kai. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan babur Yamaha XT500 yake.

Daga nan hamadar Tenere, wadda ayarin raƙuma ke ratsawa daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino tun kaka da kakanni, ta zama zuciyar gasar. Sunanta ya yi tashe har kamfanin Yamaha ya raɗa wa wani babur ɗinsa Ténéré a 1983, kuma har yau ana ƙera babura da wannan suna. A 1997 ma gasar gaba ɗaya daga Dakar ta tashi, ta je Agadas ta juyo. A shekaru da dama zangon ƙarshe a bakin teku ake yin sa, a ƙare a gefen wani tafki mai ruwan hoda kusa da Dakar.

Gudu kaɗai ba ya ba mutum nasara a wannan gasa. Babu alamar hanya a hamada. Ana ba kowane mahayi wata doguwar takarda naɗaɗɗiya, yanzu kuma ana komawa allon lantarki, mai nuna nisa da alƙibla da wuraren haɗari, yana tuƙi yana karantawa. Aikin da madugu ke yi da taurari da sanin ƙasa, shi suke yi da takarda da na’ura. Bafaranshe Stéphane Peterhansel ya ci gasar sau 6 a kan babur kafin ya koma mota. Kamfanin KTM na Ostiriya ya riƙe kambin babura sau 18 a jere daga 2001 zuwa 2019, sai a 2020 Honda ta karɓe. Mata ma suna ciki: Laia Sanz ’yar Sifen ta zo ta 9 a 2015 a tsakiyar maza. Daga Afirka kuma akwai Ross Branch ɗan Botswana, wanda ya zo na 2 a 2024 a kan babur ɗin Hero, kamfanin Indiya da baburansa ke yawo a titunanmu.

Rashin tsaro ne ya raba gasar da Afirka. A 2000 sai da aka kwashi ’yan tsere da jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari. A 2008 aka soke ta ɗungurungum saboda abin da ke faruwa a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi ta a Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi, amma sunan Dakar na nan bai canja ba.

Abin da rairayi ke yi wa inji

Wannan sashen na ’yan sashen injiniya ne da duk mai babur. Ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen silinda tauri. Idan ƙura ta wuce matatar iska ta shiga inji, sai ta gauraya da baƙin mai ta zama kamar man nan da muke goge bawul da shi a wokshof. Tana cin ringi da fistin da bangon silinda a hankali, har mashin ya fara hayaƙi yana shan mai, ƙarfi ya tafi. Masu tseren hamada matatar soso suke amfani da ita, wadda ake jiƙawa da wani mai mai danƙo don ƙura ta manne, kuma kullum sai sun canja ko sun wanke. Mu kuwa a nan za ka ga an cire matatar gaba ɗaya wai don mashin ya ƙara ƙara ko gudu. Wallahi wannan kashe inji ne da hannunka, musamman a watannin hazo.

Sarƙa ma haka. Idan ka labta mata giris mai kauri sannan ka shiga rairayi, ka haɗa mata abin da zai cinye ta ne da haƙoran da take hawa. Mai kaɗan, a goge na sama. Sai zafi: a rairayi inji yana aiki da ƙarfi amma iskar da ke sanyaya shi ba ta da yawa tunda gudu kaɗan ne. Baburanmu da iska kaɗai suke hucewa, don haka bayan doguwar hanya mai rairayi a tsaya a inuwa ya sarara, kuma a riƙa juye baƙin mai da wuri fiye da mai bin kwalta.

Kuɗin da ake biya da rai da ƙasa

Bidiyon da muke gani ba ya nuna gawa. Mutum fiye da 70 ne suka mutu ta dalilin gasar Dakar tun farkonta. Shi kansa Sabine ya mutu ranar 14 ga Janairu 1986, lokacin da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a Mali ana tsakiyar gasa. Fabrizio Meoni ɗan Italiya, wanda ya ci gasar sau 2, ya mutu a Muritaniya a 2005. Paulo Gonçalves ɗan Fotugal ya mutu a Saudiyya a 2020, abin da ya sa daga 2021 aka wajabta wa mahaya sa riga mai kumbura da iska idan an faɗi. Waɗannan ƙwararru ne, da hular kwano da takalmi mai kare ƙauri da likita a jirgi yana bin su. Akwai kuma waɗanda ba su shiga gasar ba amma ta ci su: a 2006 kaɗai an take yara biyu ’yan kallo, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Irin wannan ne ya sa mutane da dama suka riƙa sukar gasar, suna ganin masu kuɗi ne ke wasa a ƙofar gidan talakawa.

Hamada kuma ba ta san wasa ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Dokokin masu shiga rairayi daga irin wannan aka koyo su: ba a tafiya mutum ɗaya, ana ɗaukar ruwa fiye da yadda ake zaton buƙata, ana gaya wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa, kuma idan mashin ya mutu a zauna kusa da shi, domin ya fi sauƙin hangowa a kan mutum mai tafiya a ƙasa.

Ita ma ƙasar tana jin jiki. Tudun da ya tsaya wuri ɗaya, saiwar ciyawa da ’yan ƙananan itatuwa ne suka riƙe shi. Taya mai ƙulu-ƙulu tana tumɓuke su a wucewa ɗaya, iska ta samu ƙofa, tudu ya fara tafiya. A yankunan Gure da Maine-Sorowa na Nijar, da Yusufari a Yobe inda tuddan Tulo-Tulowa suke, mutane na fama da rairayin da ke binne gonaki da kwaruruka, ana kafa shinge ana dasa itatuwa don a tsayar da shi. Hawa irin wannan tudu da babur rushe wahalar wasu ne. A bakin teku kuma kunkurun ruwa a cikin rairayi yake binne ƙwansa. Ko a Le Touquet, tun 2006 aka fitar da tseren daga cikin tuddai aka tsayar da shi a kan gaɓa saboda a kare su. Wanda ke ganin abin hawa ɗaya ba zai yi wa hamada komai ba, ya tuna da bishiyar nan tilo ta Tenere da ayari ke kwatance da ita. A 1973 wata babbar mota ta buge ta, yanzu gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai.

To mu fa?

Babu wanda ke cewa ɗalibin da ke neman kuɗin hand-awut ya je ya sayi KTM. Amma da yawa daga cikinmu da babur muke zuwa gida hutu, wasunmu ma da shi suke haɗa kuɗin makaranta a inda doka ta yarda. Abubuwan da aka lissafa a sama kyauta ne: ɗan rage iska, wuta madaidaiciya, nauyi a baya, hannu a sake, a bar birkin gaba, a kula da matatar iska. Wanda zai gwada ya fara a fili mai rairayi marar zurfi, babu fasinja, babu yara a kusa, kuma ya tabbatar babu dokar hana hawa babur a yankin, tunda wurare da dama a Arewa an taƙaita shi saboda tsaro.

Sai hular kwano. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan kashi 70. Mutumin da ya ci Dakar ba ya hawa babur kai a buɗe, amma a wajen ɗaurin aure sai ka ga ɗanmu da silifas yana ɗaga tayar gaba a tsakiyar jama’a, ana yi masa tafi. In ya faɗi, tafin ba ya biyan kuɗin asibiti, kuma jarrabawa ba ta jiran wanda ke kwance a gidan mai ɗori. Gani ga wane dai ya ishi wane tsoron Allah.

Ga masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai kuwa, ga ƙofa a buɗe. Baburan da ake kawo mana ba don turɓayar Gashuwa ko ta Maigatari aka ƙera su ba. Matatar iska mai arha da ake iya wankewa, maƙallin taya da maƙerin gida zai iya yi, ko murfin da zai kare sarƙa daga rairayi, duk abubuwa ne da za a iya gwadawa a wokshof ɗinmu, kuma akwai dubban masu babur a ƙauyuka da za su saya idan sun ga amfaninsu. Allah ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya.